Takalman Isufu Tela

Ranar wata Asabar da hantsi, a wani ɗan gida da ke bayan kasuwar Tawa, Isufu Tela na zaune bakin ƙofar ɗaki yana goge takalmansa da tsumma, matarsa Rahamatu kuma tana ɗaure kayan tafiya tana kallonsa ta wutsiyar ido. Takalman sau-ciki ne baƙaƙe masu igiya, wani akawun ofis ya ba shi tukuici da ya ɗinka masa kayan biki. Shekara huɗu ke nan da Nasara ya sauka daga mulki, irin waɗannan takalma sun fara yawa a ƙafafun 'yan gari, amma Isufu yana riƙe da nasa kamar su kaɗai aka taɓa yi a duniya.

"Tela," in ji Rahamatu, don haka take kiransa, "in munka isa, ka kwance igiyag ga tun bakin gari. Kak ka tsaya ƙohwar zauren Baba kana hwama da ita, mutane na kallo."

"Ba ni kwance ta."

"Mi kac ce?"

"Na ce ba ni hidda su. Kuma ba ni durƙusawa. Ni da idona nik karanta cikin Littahi, Allah kaɗai aka yi ma sujada."

Rahamatu ta saki ƙullin kayan ta dafe ƙirji. "Wa yac ce ka yi mai sujada? Gaisuwa ta hwa, Tela! Gaisuwas suruki, wadda kaka yi tun kana neman aurena!"

"Lokacin nan ina cikin duhu," in ji shi, ya tofa wa takalmin yawu ya ci gaba da gugarsa.

Wata biyar ke nan da aka yi wa Isufu baftisma. Asalinsa mutumin Kalfu ne, ya zo Tawa koyon ɗinki ya zauna. Kusa da rumfar keken ɗinkinsa akwai wani tsohon kafinta Bagobiri, Malam Tanimu, wanda kowace Lahadi yakan tara mutane shida ko bakwai a tsakar gidansa su yi addu'a da waƙa. Wurinsa Isufu ya koyi karatun boko, wurinsa kuma ya ji labarin Yesu Almasihu har ya ba da gaskiya. Abin bai zo masa da sauƙi ba, wannan kam ba wanda zai musa. Abokansa sun janye jiki, masu kawo ɗinki sun ragu, uwarsa a Kalfu ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Sai dai Isufu ya ɗanɗani wahalar nan ya ji tana da wani irin zaƙi. Ya koma duk wanda ya ɓata masa rai, ko a kan cinikin zare ne, sai ya ce tsanani ne ake yi masa saboda bangaskiya. Littafi Mai Tsarki kuwa bai karanta ko rubu'insa ba, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya rubuta.

Rahamatu ita ma tana zuwa gidan Malam Tanimu, tana zama bayan mata tana saurare, kuma maganar ta shige ta fiye da yadda mijinta ya sani. Ita dai ba mai yawan surutu ba ce. Abin da ke damunta ranar nan shi ne saƙon da ubanta Manzo ya aiko daga Bambeye, cewa su zo shi da ita yana son ganinsu. Ta san dalili. Ƙanen ubanta, Salisu, ya tsaya kai da fata cewa tunda Isufu ya bar Musulunci, aure ya mutu, a ɗauko yarinya. Manzo kuwa ya ce ba zai kashe auren ɗiyarsa a kan ji-ta-ji-ta ba, sai ya ga yaron da idonsa.

Suka hau keke, ita a baya, suka isa Bambeye rana ta take. A zaure suka tarar da Manzo bisa buzunsa, Salisu na gefe, da dattawan unguwa uku. Takalman kowa na jere a waje. Rahamatu ta tuɓe nata tun daga nesa, ta durƙusa ta gaishe su ta shige cikin gida wurin uwarta Hajaratu.

Isufu ya yi sallama, ya taka tabarma da sau-cikinsa, ƙwas, ƙwas, ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar zaure. Ya kuma miƙa wa surukinsa hannu, yadda ya ga 'yan ofis na yi.

Manzo ya dubi hannun, ya dubi takalman, ya daɗe yana duban takalman. Bai karɓi hannun ba.

"Isuhu," ya ce a hankali, "ƙahwakka ka ciwo?"

"Lahiyata lau, Baba. Hanyad da nika bi yanzu ta hana ni durƙusa ma ɗan Adam."

"Kun ji ko!" in ji Salisu, har da tafa hannu. "Yaya, ka ji da kunnenka! Mi ya rage?"

Da Isufu ya tsaya nan, wataƙila da an sami mai gyara zancen. Amma ina! Ya ga dattawa biyar a zaune, ya ga ranar wa'azi ta samu. Ya zaro Littafi daga aljihu, yana tsaye su suna ƙasa, ya shiga yi musu bayanin duhu da haske, har yana nuna su da yatsa. Wani tsoho ya tashi ya fita yana salati.

Manzo ya bar shi ya kai aya, sa'an nan ya ce, "Ka gama? To ji nawa. Ƙanen kakana Azne na, har yam mutu bai taɓa kai goshinai ƙasa ba, amma bai taɓa shiga zauren wani da takalmi ba. Hau kekenka ka koma Tawa. Yarinya tana nan. In anka yanke hatsi, dattawa su zamna su raba abin ga."

Daga cikin gida aka ji kukan Rahamatu. Isufu ya fita kansa a sama, ya hau kekensa, yana jin kansa kamar waɗanda aka jefa da duwatsu a cikin Littafi.

Washegari Lahadi ya ba masu bi labari a gidan Malam Tanimu. Ya ce an ƙwace masa mata saboda sunan Yesu. Matan suka yi ta share hawaye, aka yi masa addu'a mai tsawo. Zancen takalmi dai bai fito daga bakinsa ba. Malam Tanimu ya dube shi ya ce, "Haka kawai Manzo yar riƙe ta? Na san shi hwa, na taɓa yi mai ƙyaure. Ba mutum na mai gaggawa ba." Isufu ya ce haka kawai. Tsohon ya gyaɗa kai.

Sati uku Isufu yana dafa wa kansa abin da ko akuya ba za ta ci ba. Gidan ya yi masa faɗi. Yana son Rahamatu, so na gaske, kuma sai da ta tafi ya gane yawan maganar da yake yi a rana ita kaɗai ke saurara. Addu'arsa a kwanakin nan guda ce: Allah ya nuna wa Manzo iyakarsa. Da ya ga Allah bai yi sauri ba, sai ya yanke shawarar taimaka masa. Wani mai gadin ofis ya gaya masa cewa yanzu ƙasa ta samu 'yanci, doka ta ba kowa addininsa, in ya kai ƙara wurin jandarma za a fito masa da matarsa ko ana so ko ba a so.

Ya san lokacin da matan Bambeye ke zuwa rijiya, sai ya je ya laɓe gindin wata adduwa da hantsi har ya hango Rahamatu. Ta rame. Da ta gan shi ta ajiye tulu ta matso, sauran matan suka juya baya suna ja da guga kamar ba su gani ba, kunnuwansu kuwa duk suna wurin.

"Rahamatu, shirya kayanki. Jibi ina zuwa da jandarma."

"Da wa?"

"Da jandarma! Doka tana bayanmu. Ba mai raba mu don munka bi Yesu."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi. Hawaye suka zubo mata.

"Tela, in jandarma yat taka ƙohwar ubana, ko an ɗauke ni an kai ɗakinka, ka rasa ni. Kuma bari in gaya maka abin da ba ka son ji. Ba don Yesu anka riƙe ni ba. Don waɗanga na!" Ta nuna ƙafafunsa. "Kwana ukku kahin mu zo, Baba ya hwaɗa ma Inna, in yaro ya zo da ladabi zai bar mu mu tahi, shi bar ma Allah sauran. Kai kaz zo ka taka mai tabarma gaban tsaranai. Har yau bai koma zaman zaure ba, don kunya."

"Amma Littahi ya ce—"

"Ni ban iya karatu kamakka ba. Abin da nij jiya gidan Malam, Yesu da kainai ya duƙa ya wanke ma almajirainai ƙahwa. Kai wane na da ba ka duƙawa? Ina nan ina addu'ata kullum, ban bari ba, ba ni kuma bari. Amma ba ni hita gidan ga sai da bakin ubana."

Ta ɗauki tulunta ta koma cikin mata. Isufu ya ja kekensa ya juya.

Bai wuce gida ba, rumfar Malam Tanimu ya nufa. Ya tarar da tsohon yana fere ƙafar kujera. Ya zauna ya faɗi komai, har da takalmin, har da yatsan da ya nuna. Malam Tanimu bai daina aikinsa ba sai da ya ji ƙarshe, sa'an nan ya kakkaɓe hannu ya ce, "Miƙo Littahin naka." Ya buɗe can wajen farko, wurin da Isufu bai taɓa kaiwa ba, ya ɗora yatsa. "Karanta nan. Da ƙarhi, yadda kaka yi ma mutane."

Isufu ya karanta yana haɗa baƙi. Labarin Musa ne, bayan ya fito da jama'arsa daga Masar, aka ce masa ga surukinsa nan tafe. Musa ya fita ya tarye shi, ya sunkuya har ƙasa ya gaishe shi, ya tambayi lafiyarsa, ya shigar da shi alfarwa. Isufu ya sake karantawa, ko zai ga wani abu dabam. Bai gani ba.

"Mutumin da Allah yay yi ma magana baki da baki ke nan," in ji Malam Tanimu. "Shi ma surukin nashi ba ɗan kabilassu na ba. Kai wata nawa da baftisma?"

"Shida."

"Shida. Ɗana, wanda anka tsananta ma don Almasihu yana da lada, gaskiya ta. Wanda anka kora don rashin kunya kuwa, korad dai ita ta ladanai. Ni ma da laihina, na koya maka karatu ban koya maka zama ba. Kuma ka tsaya gaban 'yan'uwa ka ɓoye rabin zance, har mata sunka yi kuka bisa ƙarya. Wannan shi za ka hwara gyarawa ran Lahadi."

Isufu ya yi kuka a rumfar nan, kuka irin na yaro, har wani mai jaki da ke wucewa ya tsaya kallo. Ranar Lahadi ya tashi gaban mutum bakwai ya faɗi gaskiya. Ya ce daga baya wannan tsayuwa ta fi masa ranar baftisma wuya.

Ana haka ruwan shuka ya sauka. A Adar, wato ƙasar Tawa, in saurayi ya ɗauki ɗiyar mutum, al'ada ce lokacin noma ya tara abokansa su yi wa surukin gayya, su share masa gona a yini guda da kiɗa da ihu. Bara Isufu ya kai samari goma sha biyu. Bana ya bi su ɗaya ɗaya, kowa da uzurinsa: wannan ciwon baya, wancan matarsa ta kusa haihuwa, wani kuwa ya ce masa ƙiri-ƙiri ba ya noma da wanda ya bar salla. Masu bi na gidan Malam Tanimu kuma tsofaffi ne da mata. Gonar Manzo ga ta da girma, bisa tudu mai tsakuwa, 'ya'yansa maza biyu sun tafi cin rani Kurmi shekara biyu ba su dawo ba.

Ranar Litinin da safe mutanen Bambeye suka ga Isufu Tela ya sauka daga keke tun bakin gari, ya kwance igiyar takalmansa, ya tuɓe har da safa, ya rataya hauya a kafaɗa. Ya zo ƙofar zauren Manzo ya ajiye takalman a gefe, ya durƙusa a kan ƙasa ya yi sallama sau uku. Ba wanda ya amsa, ko da yake ana jin tarin tsohon daga can cikin gida.

"Baba, na yi laihi, na zo in ba da haƙuri. Na kuma zo gayya."

Can Salisu ya leƙo ya dube shi, ya dubi bayansa. "Gayya? Ina mutanen?"

"Ni ɗaya na, Baba Salisu."

Salisu ya yi dariya har da riƙe ciki. Isufu ya tashi ya nufi gona ba takalmi, ya bar su nan inda ya ajiye.

Tela dai tela ne. Hannun da ya saba da almakashi bai kai azahar ba ya yi kanta ya fashe. Tsakuwar Adar kuma ba ta san suruki ba, ga ƙaya, ga zafin ƙasa in rana ta ɗaga. Abin da samari goma sha biyu ke gamawa a yini, ya ga zai ci masa sati uku. Ya gyara wata tsohuwar bukka a bakin gonar ya zauna. Kowace safiya kafin ya kama hauya sai ya je ƙofar zaure ya durƙusa ya yi gaisuwa, ba a amsa ba, ya tashi. Ran Asabar da la'asar ya je ya faɗa wa ƙofar, don ita ke sauraronsa, cewa zai tafi Tawa sujadar Lahadi, Litinin yana dawowa. Mutanen gari suka ce ai ya gudu ke nan. Litinin sai ga shi.

A kwana na huɗu ne ya ɗago kai ya ga surukarsa Hajaratu ta ajiye ƙwaryar fura a gindin wani kalgo ta juya. Ƙwaryar tsohuwa ce mai ɓallin baki, irin wadda ake ware wa baƙon da ba a son haɗa baki da shi. Da Isufun da ne, da ya yi wa'azi a kan ƙwaryar nan har magariba. Wannan ya jira ta yi nisa, don ba a sha gaban suruka, ya shanye tas, ya wanke ya kife.

Addu'arsa ma ta sake, ba tare da ya shirya ba. Wanda ya sha rana a kan gona ba ya iya roƙon sharri ga mai ita. Da ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyu hatsi ya fara lanƙwasa, Isufu ya sami kansa durƙushe tsakanin kunyoyi yana roƙon Allah ya ji tausayin Manzo, tsoho ne, 'ya'yansa ba su nan. Da rana in ya huta yakan buɗe Littafin ya karanta a hankali daga inda ya tsaya jiya, ya daina tsallake-tsallaken neman abin da zai jefi wani da shi. Rahamatu kuwa sau biyu kawai ya hango ta daga nesa da tulu a ka. Ba ta tsaya ba, shi ma bai kira ta ba.

Ya gama noman fari, ya koma Tawa ya taɓa ɗinki kwana goma, ya dawo maimai, wato noma na biyu. A lokacin ne ƙwaryar furar ta canza, ta zama sabuwa mai zane, da ludayi a kai. A lokacin ne kuma wata safiya da ya yi sallama, muryar Manzo daga cikin gida ta ce, "Lahiya lau." Kalma biyu ke nan, amma ranar Isufu ya yi noma yana waƙa har makiyaya suna leƙensa.

Hatsi ya nuna, aka yanke, aka ɗaure. Gonar Manzo ta ba da abin da ba ta ba da ba tun tafiyar 'ya'yansa. Ranar da aka sa dammunan ƙarshe a rumbu, Manzo ya aika a kira dattawan nan uku da Salisu, ya koma kan buzunsa a zaure karo na farko tun bazara. Aka kira Isufu. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Matso ciki," in ji Manzo. Ya matso da gwiwa. "Wa yac ce ka zo ka noma min gona?"

"Ba kowa, Baba. Na karanta yadda Musa yat tarbi surukinai ya duƙa mai, sai kunya ta kama ni."

"Annabi Musa," in ji Manzo, yana gyara masa. "Mu ma mun san shi, tun ba a haihe ka ba. Shekara takwas ya yi shina kiwo ma surukinai, wasu sun ce goma. Kai damana guda kay yi." Dattawa suka yi murmushi. "To, ga magana. Ka ba ni haƙuri, na haƙura. Saura guda. Ga liman nan kusa. Ka ce ka bar hanyag ga, ka yi shahada gaban mutanen ga, yau ɗin ga ka tahi da matakka."

Isufu ya san Rahamatu na bayan zana tana ji. Ya san kalma kaɗan ce, kuma Tawa da nisa, ba mai bin sa ya ga inda yake zuwa ran Lahadi.

"Baba," ya ce, "gonakka ina noma ta kowace damana in dai ina da rai, ko ka ba ni Rahamatu ko ka hana. Amma na ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, kuma in nac ce maka na bari, ƙarya niy yi maka. Na taka tabarmakka sau guda. Ba ni ƙarawa da yi maka ƙarya bisa ita."

"Shi ke nan!" in ji Salisu. "Yaya, ka ji. Bai sake ba!"

"Na ji, ina da kunne." Manzo ya ɗaga murya. "Rahamatu!"

Ta fito ta durƙusa nesa da mijinta, ta rufe fuska da gyale.

"Ke hwa? Tilasta ki yay yi?"

"A'a, Baba. Ni ma hanyan nan nika bi, da zuciyata. Wata huɗu ina gidanka ban ɓoye ma Inna ba. Amma in ka ce in zamna, ina zamnawa, ba ni tsallake maganakka in bi namiji." Kuka ya ci ƙarfinta.

Tsohon ya ja carbinsa. Idanunsa sun yi ja, kuma ba wanda ya ga laifinsa. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya ji haka daga bakin ɗiyarsa gaban tsaransa.

"Ban yarda da hanyarku ba," ya ce daga ƙarshe, "kuma ba ni yarda har in mutu. Duk sallad da niy yi sai na roƙa muku shiriya, ku sani. Amma wata huɗu ina kallon yarinyag ga, ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Wanga kuma na gwada shi da abin da ya hi so duniya, bai yi min ƙarya ba. Salisu, in na raba su, wa zan ba ta wanda ya hi shi? Hukuncin zuciya na Allah na. Tashi ki ɗauko kayanki."

Salisu ya tashi ya fita yana gunaguni, ɗaya daga cikin dattawan ya bi shi. Manzo bai ko dube su ba. Ya miƙa hannu bayan buzunsa ya jawo wani ƙulli na tsohon zane, ya tura gaban Isufu.

"Ga kayanka. Ka bar su ƙohwata tun shuka, gara ta so ta ci. Na sa an shahwa musu man shanu."

Isufu ya kwance ƙullin. Takalmansa ne, suna ƙyalli fiye da yadda shi kansa ya taɓa goge su, an cusa tsumma a ciki don kada su lotse. Ya dube su, ya dubi tsohon da ya yi makonni ba ya amsa gaisuwarsa, sai hawaye suka zubo masa a kan fatar. Ya ce, "Na gode, Baba," ya maimaita har sau uku.

Da la'asar suka kama hanya, Hajaratu ta rako su har bakin gari da ƙullin kuka da daddawa. Sai da ta juya, gidajen Bambeye suka ɓace bayan tudu, sa'an nan Rahamatu ta ce, "To, Tela, yanzu kam sa abinka, ba mai ganinka."

Ya zauna bisa dutse ya gwada. Ƙafar ta faɗaɗa, ta yi kaushi, diddige duk faso. Ya tura, ya danna, ya yi nishi, takalmi ya ce bai san zancen ba. Rahamatu ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, dariyar da ta yi wata huɗu ba ta yi ba. Shi ma ya sa dariya. Ya ɗaure igiyoyin biyu ya rataya su a ƙahon keke, ta hau baya, ya taka feda da ƙafa tsirara har Tawa.

Shekara da ta zagayo aka yi wa Rahamatu baftisma. Manzo bai je ba, kuma bai taɓa canza ra'ayinsa ba, kamar yadda ya faɗa. Amma kowace damana Isufu na gonarsa, kuma ɗansu na fari a zauren nan aka raɗa masa suna. Takalman suna rataye a rumfar ɗinki har suka tsufa. In wani sabon mai bi ya zo da zafin kai yana cewa danginsa na tsananta masa, Isufu yakan nuna masa su ya ba shi labarinsu, sa'an nan ya tambaye shi yadda ya gaida ubansa da safe.

Masu karatu, musamman matasa, abin lura a nan shi ne: duk wanda ya kama hanyar Allah sabuwa, farkon abin da ke tsiro masa shi ne zafi, kuma zafi ba shi ne girma ba. Isufu ya kusa rasa matarsa saboda girman kai da ya sa wa sunan bangaskiya, ya same ta kuma ranar da ya iya durƙusawa gaban surukinsa ba tare da ya saki abin da ya gaskata ba. Rahamatu kuwa haƙurinta da ladabinta ne suka riƙe mata uba da miji gaba ɗaya. Allah ya ba mu ikon gane laifinmu tun kafin a nuna mana shi a bakin rijiya.